Aiki Ko Ƙwaya? Magana Kan Toshewar Jijiyoyin Zuciya

Akwai wata ɗabi'a da ma'aikatan asibiti suka daɗe da saninta a wurin mutanenmu. Idan majiyyaci ya ga likita aka rubuta masa ƙwayoyi kaɗai, sai ya fito yana gunaguni, wai ba a duba shi sosai ba. In an yi masa allura, to, an fara magana. In an ƙara masa ruwa, lalle likitan nan ya san aikinsa. In kuwa har aka shiga da shi ɗakin tiyata aka yi masa aiki, shi ke nan, an yi mai gaba ɗaya. Ma'auninmu na ingancin magani shi ne yawan wahalar da aka sha da yawan kuɗin da aka kashe. Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ne da wannan hali. Turawa ma suna da shi, sai dai nasu ya fi namu tsada. Babu kuwa inda halin ya fi fitowa fili kamar wajen maganin toshewar jijiyoyin zuciya, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kan gaba wajen kisa a duniya, domin ta hallaka mutum kimanin miliyan 9 a shekarar 2021, watau kashi 13 cikin 100 na duk waɗanda suka rasu a wannan shekara.

Ra'ayin da nake so in kare a wannan maƙala shi ne, cutar nan fuska biyu gare ta, kuma mun juya wa kowace fuska maganin 'yar'uwarta. Inda ake bukatar gaggawa, watau lokacin da jijiya ta toshe farat ɗaya, sai mu zauna gida muna shan kanwa muna cewa olsa ce. Inda kuwa ciwon yake zaune wuri ɗaya, ƙwaya da gyaran hali za su wadatar, nan ne muke sayar da gona mu hau jirgi neman a yi mana aiki. Ni malamin ilmin halittu ne, ba na duba majiyyata, saboda haka ta ƙofar da na sani zan shigo da mai karatu, watau ta yadda ita jijiyar take da abin da ke faruwa a cikinta.

Zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, kuma duk jinin jiki ta cikin ɗakunanta huɗu yake wucewa. Amma abin mamaki, ba daga wannan jini mai wucewa take samun abincinta ba. Ta yi kama da ma'aikacin banki: kuɗi na ratsa hannunsa daga safe har yamma, amma albashinsa ta wata hanya daban yake zuwa. Hanyar albashin zuciya wasu jijiyoyi ne guda biyu da suka tsiro daga gindin babbar jijiyar nan da ake kira awota, suka naɗe zuciyar ta waje kamar yadda rawani yake naɗe kai. Ta hagu tana tafiya kaɗan sai ta rabu biyu, shi ya sa likitoci suke ƙirga su uku. Faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar dai bututun tawadar biro. Malamin da ke son ɗalibansa su gani da idonsu, ya sayo zuciyar sa daga mahauta, ya tsaga gindin awota, zai ga ƙananan ramuka biyu daf da bakin ƙyauren. In ya zura tsinke a ciki zai bi hanyar jijiyar.

Wani abu kuma da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, jiki gaba ɗayansa yana ɗibar kimanin kashi 25 cikin 100 ne na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya ratsa shi in mutum yana hutawa, amma tsokar zuciya tana ɗibar kusan kashi 70 zuwa 75. Ma'ana, ko a zaune kake ta riga ta kusa tatse jininta ƙarƙaf. In ka tashi hawan tudu, ba ta da sauran abin tatsa, sai dai jijiyoyin su buɗe su ƙaro jini. To, idan jijiya ta ƙuntata har ta rasa kamar kashi 70 cikin 100 na faɗinta, ba ta iya ƙarowa. Sai mutum ya ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa turmi, wani lokaci ya gangara hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, in ya tsaya ya huta 'yan mintoci ya wuce. Wannan shi ne anjaina, wanda likitan Ingila William Heberden ya bayyana kamanninsa a Landan tun 1768. Muddin yana zuwa a kan aiki iri ɗaya, yana tafiya da hutu, ba ya ƙaruwa daga mako zuwa mako, shi ne nake kira ciwo mai zama wuri ɗaya.

Duk wanda ya ji wannan bayani zai ce ai magani a fili yake: bututu ya toshe, a kira mai gyaran famfo. Haka likitoci ma suka ce, kuma sun nuna gwaninta ta ban mamaki. A 1958 Mason Sones ya gano a birnin Cleveland na Amurka cewa ana iya zuba wani ruwa mai fitowa a hoto kai tsaye cikin jijiyar zuciya a ɗauki hotonta. A 1967, a wannan asibiti dai, René Favaloro ɗan ƙasar Ajantina ya ciro jijiya daga ƙafar majiyyaci ya ɗinka ta yadda jini zai tsallake wurin da ya toshe, kamar yadda ake yi wa gari hanyar baifas don motoci su kauce wa cunkoso. A ranar 16 ga Satumba 1977, Andreas Grüntzig ya zura siririn bututu mai ɗan balan-balan a bakinsa ta jijiyar cinyar wani mutum mai shekara 38 a birnin Zurich na Suwizalan, ya kai shi har zuciya, ya hura shi, jijiya ta buɗe, mutumin kuwa idonsa biyu. A 1986 aka fara barin wata 'yar ragar ƙarfe a wurin don ta tokare bangon, a Toulouse ta Faransa da Lausanne ta Suwizalan, ita ce ake kira sitent. A 2003 Amurka ta amince da ragar da aka shafa wa magani don hana nama sake tsirowa a cikinta. Aikin yau bai fi awa ɗaya ba galibi, ta jijiyar wuyan hannu ma ake shiga, washegari mutum ya koma gida. Kafin ya tafi a nuna masa hoto biyu: a na farko jijiya ta matse kamar ƙugun zanzaro, a na biyu ta miƙe santal. Gani ya kori ji. Wa zai yi gardama?

Ilmin halittu ne ya fara yin gardamar. Abin da ke ƙuntata jijiya ba dattin da ya maƙale a cikin rami ba ne irin na kwata. A cikin naman bangon jijiyar yake. Wani nau'in kitsen jini, kwalastarol, yana kutsawa ƙarƙashin lallausar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya, musamman inda hawan jini ko hayaƙin taba ko sukari suka raunana ta. Fararen ƙwayoyin jini su bi shi su cinye, su ƙoshi, su mutu a nan, shekara da shekaru, har wurin ya zama wani curi mai laushi a ciki da murfin nama a kai. Sunan cutar a likitance daga kalmar Girkanci ta kunu aka samo shi, saboda kamannin abin da ke cikin curin. In ana neman misali daga abin da muka sani, maruru ya fi dacewa da shi a kan toshewar famfo.

Shi kuwa maruru haɗarinsa yana wajen fashewa. In murfin nan ya tsage, kunun ya haɗu da jini, sai jini ya daskare a kansa cikin 'yan mintoci, gudan jini ya rufe hanyar ruf. Wannan shi ne abin da ake kira bugun zuciya a bakin jama'a, ko da yake sunan yana rikita ɗalibai da bugawar zuciya ta yau da kullum. To, ga inda gizo ke saƙar. Curin da ya tsufa ya yi tauri, mai murfi mai kauri, shi ne yakan matse hanya ya jawo anjaina, shi ne kuma yake fitowa ɓaro-ɓaro a hoto. Mai laushi, mai siririn murfi, sau da yawa waje yake kumburowa, ramin jijiyar bai ragu sosai ba, a hoto da ƙyar a lura da shi. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka koma kan tsofaffin hotunan mutanen da daga baya suka sami bugun zuciya, suka tarar da yawa daga cikinsu ba a wurin da ya fi matsewa abin ya faru ba. Mutumin da aka ga curi ɗaya babba a jijiyarsa, tabbas yana da ƙanana barkatai a sauran. Ita raga tsawonta santimita 2 ne ko 3 galibi. Ƙwaya kuwa duk inda jini ya je tana zuwa. Daɗin daɗawa, inda ƙuntatar ta zo sannu a hankali, zuciya takan faɗaɗa wasu ƙananan jijiyoyi na gefe su riƙa kawo ɗauki, watau ta yi wa kanta baifas ba da kuɗi ba.

Wannan duk hujja ce ta tunani, ita kuwa kimiyya sai an gwada akan san na ƙwarai. Likitocin zuciya sun taɓa ƙonewa sau ɗaya, kuma labarin ya cancanci kowane ɗalibin kimiyya ya san shi. A shekarun 1950 an yi yayin wani aiki da ya samo asali daga Italiya: a tsaga ƙirji kaɗan, a ɗaure wasu jijiyoyi biyu da ke bayan ƙashin ƙirji, da fatan jinin zai karkata zuwa zuciya. Majiyyata suka riƙa cewa sun ji sauƙi ƙwarai. A 1959 Leonard Cobb da abokan aikinsa a birnin Seattle suka ɗauki mutum 17, aka ɗaure wa 8 jijiyar, sauran 9 aka tsaga musu fata kawai aka ɗinke, babu wanda ya san ɓangarensa. Duka ɓangarorin suka ji sauƙi kusan daidai wa daida. Daga nan aikin ya mutu. Ba ƙarya majiyyatan suka yi ba. Ciwo a ƙwaƙwalwa ake jin sa, kuma mutumin da ya sakankance an gyara shi yana jin ciwon ya ragu da gaske.

Hanyar da ake bi a raba gardama irin wannan ita ce ƙuri'a. A tara majiyyata masu ciwo iri ɗaya, a jefa ƙuri'a ta raba su gida biyu, don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya yi musu aiki ya bar raunana da ƙwaya, sannan a bi su shekaru ana ƙirgawa. Gwajin da ake kira COURAGE, wanda aka buga sakamakonsa a 2007, ya yi haka da mutum 2,287 a Amurka da Kanada, dukkansu masu ciwo mai zama wuri ɗaya. Kowa ya sami ƙwayoyi da shawarar gyaran hali, rabi kuma aka ƙara musu da buɗe jijiya. Bayan kimanin shekara huɗu da rabi, waɗanda suka mutu ko suka sami bugun zuciya kashi 19 ne cikin 100 a gidan aiki, kashi 18.5 a gidan ƙwaya. Babu bambanci ke nan.

Masu sa raga ba su yarda ba, kuma suna da hujja. Suka ce ragar da aka fi amfani da ita tsohuwar yayi ce marar magani, kuma mai yiwuwa likitoci sun ɓoye majiyyatan da suka fi tsanani ba su sa su cikin ƙuri'ar ba. Saboda haka aka shirya wani gwaji mafi girma mai suna ISCHEMIA, da kuɗin gwamnatin Amurka kimanin dala miliyan 100, aka tara mutum 5,179 daga ƙasashe 37, kuma aka zaɓo waɗanda awo ya nuna zuciyarsu tana ƙishin jini sosai in sun motsa. Aka yi ƙuri'ar tun kafin a zura musu bututun ɗaukar hoto. Sakamako ya fito a ƙarshen 2019, aka buga shi a 2020. Bayan shekara uku da ɗoriya, mutum 145 suka rasu a gidan aiki, 144 a gidan ƙwaya. A watannin farko gidan aiki ya fi samun bugun zuciya, saboda shi kansa aikin yana jawo shi. Daga baya gidan ƙwaya ya ɗan fi samu. Da aka ci gaba da bin su aka ba da rahoto a 2022, jimillar mace-mace tana nan kusan daidai. Ya kamata in ƙara da cewa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na 'yan gidan ƙwaya daga baya sun bukaci aikin, an kuma yi musu. Jiran da suka yi bai ƙara yawan mamata a gidansu ba, sauran kashi huɗun kuwa ba a taɓa su da komai ba.

Saura maganar ciwon kansa. Ko da raga ba ta rage mutuwa, ai tana kawar da nauyin ƙirji, ko kuwa? A nan ne wasu likitocin Landan, ƙarƙashin jagorancin Rasha Al-Lamee, suka maimaita dabarar Cobb, shekara 40 cif bayan aikin Grüntzig. A gwajin ORBITA na 2017, mutum 200 masu jijiya ɗaya da ta matse sosai aka fara daidaita musu ƙwayoyi na mako shida. Sannan aka kai kowa ɗakin aiki, aka zura bututu, aka ba shi maganin gyangyaɗi, aka sa masa abin jin kiɗa a kunne don kada ya ji abin da ake faɗa. Rabi aka sa musu raga, rabi aka zare bututun ba a yi komai ba, duk da amincewarsu tun farko. Bayan mako shida aka ɗora su kan injin tafiya. Masu raga sun ɗara marasa ita da kimanin daƙiƙa 17 kacal, tazarar da masana lissafi suka ce ba ta isa a kafa hujja da ita ba. Duniyar likitocin zuciya ta girgiza.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi abin da ya biyo baya. Su waɗannan masu binciken suka sake gwaji, ORBITA-2, da mutum 301, aka buga shi a 2023. Wannan karon an dakatar da ƙwayoyin rage ciwon ƙirji tukuna. Raga ta yi nasara a fili: bayan mako 12, kimanin kashi 40 cikin 100 na masu ita ba su da ciwo, a ɗaya gidan kuwa kashi 15. Abin da na fahimta daga gwaje-gwajen biyu shi ne, raga maganin ciwon ƙirji ce ta gaskiya, kamar yadda ƙwayar rage ciwo take, amma in an riga an sha ƙwayar, abin da ragar za ta ƙara kaɗan ne. Wanda ƙwaya ta kasa kwantar masa da ciwo, ko take sa shi jiri da kasala, ko ciwon ya hana shi noma ko hawan bene, yana da cikakken dalilin neman aiki. Amma ya shiga da sanin abin da ya je saye.

Su ƙwayoyin da ake rainawa, tarihinsu bai gaza na wuƙa ba. Wanda ake sakawa ƙarƙashin harshe in ciwo ya taso, naitirogilisarin, sinadarin da ake haɗa nakiyar fasa dutse da shi ne; William Murrell ya bayyana amfaninsa ga anjaina a 1879, kuma shi kansa Alfred Nobel da ya yi arziki da nakiyar, an rubuta masa shi a ƙarshen rayuwarsa. Akwai masu rage gudun zuciya don ta rage cin iska, waɗanda James Black ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Waɗannan ciwo suke kwantarwa. Masu kāre mutum daga fashewar curi su ne asfirin, wanda ke hana jini saurin daskarewa, da magungunan hawan jini, da uwa uba sitatin. Wani masanin Japan, Akira Endo, shi ya samo sitatin na farko a 1973 daga wani nau'in funfuna, ɗan'uwan wanda ya ba mu fenisilin. Sitatin yana hana hanta ƙera kwalastarol, hanta kuwa sai ta koma tana tsamo shi daga jini, curin ya rage laushi, murfinsa ya ƙara ƙwari. A 1994 aka buga gwajin da aka yi wa masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai: cikin shekara biyar da 'yan watanni, sitatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100. Babu wani gwaji da ya taɓa nuna raga ta yi kwatankwacin haka ga mai ciwon da ke zaune wuri ɗaya. Barin taba sigari kuwa ba ya cin ko kwabo.

Kada a ce na yi wa wuƙa kuɗin goro. Akwai waɗanda tun farko ba a sa su cikin ISCHEMIA ba, domin hukuncinsu daban ne. Na farkonsu shi ne wanda gindin jijiyar hagu ne ya matse, kafin ta rabu biyu, domin wannan ɗan guntun shi ke shayar da mafi yawan tsokar da ke tura jini zuwa jiki. Haka nan wanda zuciyarsa ta riga ta yi rauni: gwajin STICH ya bi irin waɗannan mutum 1,212, a 2016 aka ba da rahoton cewa cikin shekara goma kashi 59 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyatar baifas sun rasu, a gidan ƙwaya kaɗai kashi 66. Mai ciwon sukari da jijiyoyinsa da dama suka kamu, in za a yi masa aiki, gwajin FREEDOM na 2012 ya nuna baifas ta fi raga tsirar da shi, ko da yake ta fi jawo shanyewar ɓarin jiki. Dalilin a wurina bai ɓuya ba. Raga wuri ɗaya take tokarewa, baifas kuwa tana tsallake dogon zango na jijiya, har da ƙananan curin da ba a gani ba, saboda haka ko ɗayansu ya fashe gobe, jini yana da wata hanya.

To, in hujja ta kai haka, me ya sa har yau ake sa wa dubban masu ciwo mai zama wuri ɗaya raga tun kafin a gwada ƙwaya? A 2010 wasu masu bincike a Amurka suka tambayi majiyyata 153 da ke shirin shiga ɗakin aikin, kashi 88 cikin 100 suka ce sun yi imani zai rage musu haɗarin bugun zuciya, shekara uku bayan COURAGE ke nan. A watan Agusta 2013 aka sa wa tsohon shugaban Amurka Joj Bush ƙarami raga bayan awon lafiya na shekara-shekara, likitoci suka yi ta muhawara a jaridu kan ko akwai bukata. Ido yana da ƙarfi: likitan da ya ga jijiya a matse, ga kayan aiki a hannunsa, da wuya ya zare bututu ya ce a je a sha ƙwaya. Akwai tsoro, kada wani abu ya faru gobe a ce ya gani ya ƙyale. Akwai kuma kuɗi, kada mu yaudari kanmu. Asibitin da ake biya gwargwadon yawan aikin da ya yi, ba ya samun komai daga rabin awar da likita zai ɓata yana lallashin mutum ya bar taba. A watan Fabrairu 2017 sai da gwamnatin Indiya ta ƙayyade farashin raga da doka, ragin ya kai har kashi 85 cikin 100, wannan kaɗai ya isa ya nuna irin ribar da ke ciki. Na ambaci Indiya ne domin can da Masar da Dubai ne masu hali daga cikinmu suka fi zuwa. Mutum ya tafi duba lafiya da ƙafarsa, ba ya jin komai, ya dawo da raga biyu a ƙirji, ana yi masa barka da arziki. Shi kuwa aikin yana da nasa haɗarin, ko da yake kaɗan ne: zubar jini, raunin ƙoda daga ruwan ɗaukar hoto, bugun zuciya, jefi-jefi har da rasa rai.

Yanzu sai ɗaya fuskar, wadda duk abin da na faɗa a sama bai shafe ta ba ko kaɗan. Idan nauyin ƙirji ya zo mutum yana zaune, ko ya wuce minti 15 zuwa 20 bai tafi ba, ko ya zo da gumi mai sanyi da amai da haki, ko kuwa tsohon ciwo ya canja hali, yana zuwa a kan ɗan motsi kaɗan, to, a ɗauka curi ya fashe. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin ma, sai haki da kasala ko zafi a saman ciki. Tsokar da jini ya yanke mata tana fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30, cikin kamar awa shida mafi yawan ɓarnar ta auku, kuma tsokar zuciya in ta mutu tabo ne ke maye gurbinta har abada. A nan raga ba ta da na biyu. Da aka haɗa gwaje-gwaje 23 a 2003, an ga buɗe jijiya da bututu ya fi allurar narkar da gudan jini: kashi 7 cikin 100 suka rasu a gidan bututu, kashi 9 a gidan allura. Inda ba za a iya kai mutum ɗakin aikin cikin awa biyu ba, allurar ce abin yi, kuma ita ma tana ceto. Tun 1988 gwajin ISIS-2 da aka yi wa mutum fiye da 17,000 ya nuna asfirin kaɗai ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in an haɗa shi da allurar ragin ya wuce kashi 40 cikin 100. Shi ya sa ake ba da shawarar mai irin waɗannan alamu ya tauna asfirin miligiram 300 a kan hanyarsa ta zuwa asibiti, sai fa in jikinsa ba ya karɓar asfirin ko yana da gyambon ciki mai zubar da jini. Wannan bai zama izni ga lafiyayye ya riƙa shan asfirin kullum da kansa ba.

A da ana koyar da cewa cutar nan ba ta cika kama baƙar fata na Afirka ba. Zaman mota da ofis, da taba, da ƙiba, da sukari, da hawan jinin da ba a kula da shi sun sauya lissafin. Likitocin zuciya na Nijeriya sun tattara bayanan majiyyata fiye da 1,000 da aka kwantar da wannan larura tsakanin 2013 da 2018, suka buga a 2022, kuma cikin abin da suka koka da shi har da ƙarancin kayan aiki da ƙarancin waɗanda ake iya buɗe wa jijiya a kan kari. Ɗakunan wannan aiki ƙalilan ne a ƙasar, a manyan birane suke. Da za a tambaye ni inda ya kamata kuɗin gwamnati ya fara zuwa, sai in ce injin awon wutar zuciya da allurar narkar da gudan jini a kowane babban asibiti, da ma'aunin hawan jini a kowane ɗakin shan magani, kafin a yi maganar tura manya waje.

Ra'ayina yana da lago ɗaya, kuma gara in nuna shi da kaina. Ƙwaya ba ta aiki a cikin kwalba. 'Yan gidan ƙwaya na COURAGE da ISCHEMIA ana bibiyarsu, ana auna su, ana ba su magani mai inganci. Wani bincike mai suna PURE da aka buga a 2011 ya gano cewa a ƙasashe matalauta da ya duba, kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba sa shan ko ɗaya daga cikin magungunan kāriya. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da aka duba, amma duk wanda yake da tsoho mai hawan jini a gida ya san labarin: a sha kwana goma, kai ya daina ciwo, a ajiye, sai an sake faɗuwa. Ga jabun magani a kasuwa, ga kuɗin wata-wata. Wani zai ce, to, ai ga irinmu gara a yi aikin sau ɗaya a huta.

Babu hutun. Wanda aka sa wa raga zai ci gaba da shan sitatin da maganin hawan jini kamar kowa, domin sauran curin suna nan inda suke. Bugu da ƙari, ita ragar baƙon ƙarfe ce a cikin jini, jini kuwa ɗabi'arsa ce ya daskare a kan baƙo har sai fatar jijiya ta tsiro ta lulluɓe shi. Saboda haka akan haɗa wa mai raga magungunan hana daskarewa guda biyu, asfirin da wani kamar kulofidogiril, galibi na wata shida in ciwon mai zama wuri ɗaya ne, wata 12 in bayan bugun zuciya ne. In ya daina sha a makonnin farko, ragar tana iya toshewa farat ɗaya, ta jawo masa ainihin bugun zuciyar da ya je gudu. Saboda haka ɗalibin da aka ce za a sa wa mahaifinsa raga, kuma ba a kan gaggawa ba, ya roƙi a tambayi likita ko aikin don rage ciwo ne ko don rage haɗarin mutuwa, a wace jijiya matsewar take, kuma me zai faru in an gwada ƙwaya na wata uku tukuna. In an riga an sa, kafin a hau jirgin dawowa a karɓi sunan magani na biyun a rubuce da ranar da likita ya ce a daina, a kuma tabbatar ana samun na gaskiya a garin da tsohon zai zauna.